Koyar da Lissafi a Shekarar Farko ta Jami'a: Nazari a kan Kafanchan da Kudancin Kaduna

Mafi yawan waɗanda ake koya wa lissafi a manyan makarantun kudancin Jihar Kaduna ba masanan lissafi za su zama ba. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Makarfi, tana da mazauni a Kaduna da kuma Kafanchan. A Kafanchan aka ajiye tsangayar aikin gona da ta kimiyyar muhalli, inda ake horar da masu zanen gine-gine da masu ƙiyasin kayan gini da masu kula da filaye da gidaje. Sashen lissafi kuwa yana can Kaduna, tafiyar sa'o'i a mota. A Gidan Waya akwai Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, wadda ta samo asali daga babbar makarantar horar da malamai da aka buɗe a Kafanchan a 1977. Akwai kuma kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a cikin gari. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mayar da Jami'ar Nok da ke Kachia jami'ar tarayya mai koyar da kimiyyar aikace-aikace. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan makarantu sai ya haɗu da lissafi, amma a matsayin kayan aikin wata sana'a.

Wannan yanayi shi ya kamata ya tsara yadda ake koyarwa. Ɗalibin sashen lissafi yana da shekara huɗu da zai yi ta maimaita abu ɗaya har ya zauna masa. Na aikin gona ko na zanen gini kuwa kwas biyu ne ko uku, galibi a shekarar farko, daga nan sai ya wuce da abin da ya samu. In fahimta ya samu, za ta bi shi har gona da wurin gini. In hadda ce, kafin zango na gaba ta zube. Matsayar wannan takarda ita ce, faɗuwar da ake yawan gani a lissafin shekarar farko ba daga ƙarancin basira take ba. Tushenta tazarar da ke tsakanin haddace matakai da sanin dalilinsu, kuma yankin yana da isassun abubuwan da za a cike wannan tazara da su.

Abin da ɗalibi yake isowa da shi

Kafin a ɗauki ɗalibi a fannin kimiyya sai ya nuna kiredit a lissafi daga WAEC ko NECO, sannan ya ci jarrabawar JAMB. Takardar sakamako tana shaida cewa ya ci, ba ta faɗin yadda ya ci. A makarantun sakandare da dama, shirin jarrabawa ya taƙaita ga bitar tambayoyin shekarun baya har ɗalibi ya iya gane tambaya daga kamanninta. Darasin lissafi mai zurfi, inda ake fara ɗanɗana kalkulas, na zaɓi ne, kuma ba kowace makarantar karkara ke da malaminsa ba. Saboda haka a benci ɗaya za a tarar da wanda ya riga ya san saurin canji da wanda bai taɓa jin sunansa ba, dukansu da kiredit a hannu.

Kurakuran da ke biyo baya sanannu ne ga duk wanda ya taɓa duba takardun shekarar farko. Ɗalibi zai tara rabi da sulusi ya rubuta 2/5, wato ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, bai lura cewa amsar da ya samu ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba. Wani zai rubuta cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². Jan layi da jar biro ba ya kawar da irin wannan, domin ba mantuwa ba ce. Ƙa'ida ce da ɗalibin ya gina wa kansa, kuma a ganinsa tana da tsari. Abin da ke rushe ta shi ne ya gwada da kansa. A ba shi 3 da 4, ya ga ɓangare ɗaya ya ba da 49, ɗayan 25. Sannan a zana fili mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe taku bakwai, a yanka shi a taku uku da huɗu, ya nemo da idonsa yankuna biyu masu 12 kowanne da ya bari a baya. Wanda ya gano 2ab ta wannan hanya da wuya ya sake zubar da shi.

Don haka aikin makon farko gwaji ne marar maki, gajere, a kan kason lamba da alamar ɗebewa da sauƙaƙan ma'aunan aljabra da karanta zanen giraf. Manufarsa malami ya san ajinsa, ɗalibi kuma ya san inda rauninsa yake tun jarrabawa tana nesa. Bisa sakamakon ne za a raba ajin tutoriyal. Tsallake wannan mataki don gudun kada manhaja ta ƙi ƙarewa asarar lokaci ne, domin a mako na takwas sai an dawo kansa dole.

Salon da aka gada da manhajar yau

Lissafin jami'a a Arewa ya fara ne a Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Can Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirinsa na uku a Cambridge, ya shugabanci sashen lissafi kafin ya riƙe jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Salon da aka gada daga wancan zamani na Ingila ne: malami ya rubuta ma'ana, ya rubuta ƙa'ida, ya kawo hujja, ɗalibai su kwafa, sauran aiki a ƙarasa shi a ƙaramin ajin tutoriyal. Salon ya yaye manyan masana, amma an gina shi ne don 'yan ɗalibai kaɗan da aka tace. Da ajujuwa suka cika, lakca ta ci gaba, tutoriyal kuwa ta yi rauni, alhali a cikinta ne ɗalibi yake kama alƙalami da kansa.

A Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, CCMAS, a madadin BMAS. Kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar hukumar ce ta tsara shi, kashi 30 aka bar wa kowace jami'a ta cika bisa buƙatar muhallinta. Kwasa-kwasan lissafi na shekarar farko suna nan yadda aka san su: MTH 101 na aljabra da tirigonometiri, MTH 102 na kalkulas. Manhajar ta faɗi abin da za a koyar, amma ba ta hana kowa zaɓen misalansa ba. Nan ne malamin Kafanchan yake da faɗin hannu fiye da yadda ake zato.

Misalai daga ƙasar da ake koyarwa a kanta

Littattafan kalkulas da ake amfani da su, galibi na Amurka da Ingila, cike suke da tambayoyi a kan abubuwan da ɗalibin Kagoro ko Zonkwa bai taɓa gani ba. Sai ya zama yana fama da abu biyu a lokaci ɗaya, baƙon labari da baƙuwar ƙa'ida. In aka sauke masa na farko, hankalinsa zai tattaru a kan na biyu.

A ɗauki taki. A ƙaddara, don misali kawai, cewa gonar masara tana ba da buhu 10 + 6x − x², inda x yake nufin yawan buhunan takin da aka zuba. Kalkulas zai nuna cewa amfani yana kai ƙololuwa a buhu uku na taki, inda za a sami masara buhu 19. A nan mafi yawan littattafai suke tsayawa. Manomi kuwa ba ƙololuwar amfani yake nema ba, riba yake nema. In kuɗin buhun taki ɗaya ya kai na masara buhu biyu, to buhu na uku asara ne: a buhu biyu an riga an sami 18, na ukun buhu ɗaya kawai ya ƙara, ya ci kuɗin biyu. Wurin tsayawa shi ne inda saurin ƙaruwar amfani, wato 6 − 2x, ya yi daidai da farashi. Ɗalibin da ya bi wannan ya fahimci abin da ake nufi da saurin canji, ya kuma riƙe ginshiƙin tattalin arzikin noma tun bai shiga ajinsa ba.

Citta ma haka. Kachia da Jaba da Kagarko su ne cibiyar nomanta a Najeriya, kuma a daminar 2023 cutar fangas ta cinye gonaki masu yawa a yankin. Ɗalibai da dama 'ya'yan waɗannan gonaki ne, sun ga yadda abu ya fara a 'yan kunyoyi, kafin a ankara ya game ko'ina. A ƙaddara cewa yawan kunyoyin da suka kamu yana ninkawa duk kwana huɗu. Daga kunya ɗaya, a kwana 20 za a sami 32, abin da mai gona zai iya rainawa. A kwana 40 kuwa 1,024 ne. Wannan ita ce ƙaruwa ta ninki, kuma daga nan tambaya ta gaba take fitowa da kanta: gona tana da iyaka, to me zai faru idan lafiyayyun kunyoyi suka fara ƙarewa? Amsarta ita ce ƙa'idar da Pierre Verhulst, ɗan Beljiyam, ya wallafa a 1838 a kan ƙaruwar jama'a, wadda zanenta yake tashi da sauri sannan ya kwanta. Wajibi ne malami ya bayyana cewa lambobin nan na ƙaddarawa ne, ya kuma tura ɗalibai su tambayi abokan aikinsa na sashen amfanin gona yadda ake auna na gaskiya. Bambance misali da ainihin awo shi kansa darasi ne.

Logaridim, wanda ɗalibai suka fi ɗauka a matsayin tebur na haddacewa, yana da gida a ƙauyen Nok da ke Ƙaramar Hukumar Jaba. Can masu haƙar kuza suka tono sassaken yumɓu a 1928, kuma a shekarun 1940 Bernard Fagg ya gane cewa shi da wani kai da aka samu a yankin Jama'a na al'umma ɗaya ne. Daga 2005 masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka shafe shekaru suna haƙa a yankin. Ɗaya daga hanyoyin sanin shekarun irin waɗannan wurare ita ce auna sinadarin kabon-14 a cikin gawayi ko ƙwayar hatsin da aka samu tare da kayan. Rabin wannan sinadari yana narkewa duk shekara 5,730. In aka tarar kashi 74 cikin ɗari ya rage, shekara nawa ke nan? Ba a kai ga amsa sai da logaridim, kuma amsar kusan 2,500 ce. Ɗalibin da ya fito daga Kwoi zai lissafa tarihin ƙasar da aka haife shi a kanta da abin da a da yake gani wahalar banza ce.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙirga kansa. Masu nazarin harsuna sun rubuta cewa wasu al'ummun tsakiyar Najeriya, irin su Gure da Kahugu da Piti na Jihar Kaduna, da masu karin Nimbiya na harshen Gwandara, a kan sha biyu suka gina ƙirgarsu ta gargajiya, ba a kan goma ba. Goma tana rabuwa biyu da biyar kawai. Sha biyu tana rabuwa biyu da uku da huɗu da shida, don haka ta fi daɗin rabo. Sulusi a tsarin goma 0.333 ne da ba ya ƙarewa, a tsarin sha biyu kuwa 0.4 ne cif. Ɗalibin da ya ga haka zai gane cewa goma zaɓi ne, ba dole ba, kuma tsarin biyu da kwamfuta take aiki da shi ba zai zame masa abin mamaki ba. Abin takaici ne a ce wannan ƙirga tana gushewa a bakin tsofaffi alhali jikokinsu suna koyon tsarin lambobi daga littafin da bai san da ita ba. Tattara ta daga bakin masu ita aikin bincike ne da ya dace da ɗaliban shekarar ƙarshe na Gidan Waya.

Hujja kuwa, wadda ake yawan cewa ta fi ƙarfin wanda ba ɗan sashen lissafi ba, ana iya fara ta da hatimi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina hatimi, wato murabba'in lambobi wanda kowane layinsa yake ba da jimla ɗaya. A mai gida uku-uku jimlar 15 ce. Me ya sa ba za ta zama 14 ko 16 ba? Lambobi daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45, layuka uku ne, kuma an ce daidai suke, to dole kowanne ya ɗauki 15. Da wannan dalili ɗalibi zai faɗi cewa mai gida biyar-biyar 65 zai bayar tun bai gina shi ba. Ya kafa hujja ke nan, ya san abu tabbas ba tare da gwada kowane hali ba. Ga ɗalibin noma akwai ƙarin riba, domin ɗan'uwan wannan murabba'i, wanda kowace alama take fitowa sau ɗaya a kowane layi, shi ne tsarin da Ronald Fisher ya yaɗa wajen raba filin gwajin iri da taki bayan ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a 1919.

Yadda ake tafiyar da aji

Misali mai kyau ba ya wadatarwa in malami ne kaɗai yake warware shi a allo. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara sakamakon nazari 225 a kan koyar da kimiyya da injiniyanci da lissafi a jami'o'i. Sun tarar cewa a ajujuwan lakca zalla kimanin kashi 34 cikin ɗari ne suke faɗuwa, a waɗanda ɗalibai suke aiki da hannunsu a cikin aji kuwa kimanin kashi 22. Galibin nazarin a Amurka aka yi shi, saboda haka ba za a ɗauko lambobin a ɗora wa Kafanchan kai tsaye ba. Amma hanyar ba ta buƙatar kuɗi. Malami ya yi bayani na minti goma sha biyar, ya jefa tambaya ɗaya, kowa ya amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi su yi gardama, sannan a sake tambaya. Ana iya yin haka ko da aji ya cika maƙil.

Batun harshe yana shigowa a daidai wannan gardama. Turanci ne harshen lakca da jarrabawa, kuma haka zai ci gaba. Amma ajin Kafanchan ya haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Agworok da Nikyob da Hausawa da Fulani da 'ya'yan waɗanda jirgin ƙasa ya kawo tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927. Hausa ce ta fi haɗa su a kasuwa, ko da yake ba ita ce harshen gidan mafi yawansu ba, don haka bai dace a ɗora ta a kan kowa ba. Abin da ya dace shi ne a sake wa ɗalibai baki a lokacin tattaunawa, su yi da duk harshen da ya fi kai su ga fahimta, sannan su rubuta da Turanci da alamomin lissafi. Wanda ya iya bayyana wa abokinsa dalilin mataki da harshen da suke hira da shi, ya fahimce shi.

Kayan aiki ba su da wuyar da ake tsammani. GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001, kyauta ce, tana hawa wayar hannu, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba tare da intanet ba. Ɗalibin zanen gini zai ja kusurwar rufi da yatsa ya ga yadda tsawon kwano yake canzawa. Sharaɗi ɗaya ne: ya fara hasashen abin da zai gani kafin ya taɓa waya, in ba haka ba kallo kawai ya yi.

Jarrabawa

Ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A yawancin jami'o'in Najeriya maki 30 ko 40 ne na aikin zango, sauran na jarrabawar ƙarshe, kuma yawan ɗalibai ya sa ana karkata ga tambayoyin zaɓi a kwamfuta. Irin waɗannan suna da sauƙin dubawa, amma amsar ƙarshe kaɗai suke gani. In duk makin a kansu ya tsaya, duk abin da aka faɗa a sama ya rushe, domin ɗalibi zai koma ga haddar tsofaffin tambayoyi don gudun kari-oba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ko da za a bar jarrabawar ƙarshe yadda take, makin zango ya kamata ya tafi ga rubutaccen aiki: warware matsala tare da faɗin dalilin kowane mataki, ko gano inda kuskure yake a cikin amsar da aka ba shi da gangan a karkace. Nauyin dubawa ana rage shi da ɗaliban manyan ajujuwa da na digiri na biyu, in an horar da su kuma an biya su haƙƙinsu.

Gidan Waya da jami'a

Ɗalibin da ya rubuta 2/5 a shekarar farko, a firamare ya koyi kason lamba, a hannun mai takardar NCE, kuma a wannan yanki akwai kyakkyawan zaton cewa daga Gidan Waya malamin ya fito. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, ta ce sama da 21,000 ba su kai makin da ta sa ba. An yi ta jayayya a kan yadda aka gudanar da gwajin da kuma korar da ta biyo baya, amma ba a yi jayayya a kan cewa horar da malami yana buƙatar gyara ba. Malaman kwalejin su ma jami'a ce ta yaye su. Ashe ke nan jami'ar da take kuka da raunin sababbin ɗalibanta tana da hannu a cikinsa ta hanya mai nisa.

Kwalejin da mazaunin jami'ar na Kafanchan duk a Ƙaramar Hukumar Jama'a suke, kuma abin da za su yi tare ba ya jiran sabon gini. Sakamakon gwajin makon farko, bayan an cire sunaye, a riƙa miƙa shi ga sashen lissafi na kwalejin duk shekara, domin masu horar da malamai su ga ainihin wuraren da ɗalibai suke tuntuɓe. A lokacin dogon hutu a haɗa malaman lissafi na sakandaren Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba a bita ta mako ɗaya, a nemi gudummawar Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja, wadda horar da malamai yana cikin ayyukanta, da ta Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Najeriya. Bitar farko ta tsaya a kan abu uku da gwajin makon farko ya fi bankaɗowa, wato kason lamba da lambobin ƙasa da sifiri da ma'anar alamar daidai, kowane malami kuma ya koyar da darasi ɗaya a gaban 'yan'uwansa su gyara masa.